Madubi da Shekaru: Abin da Marika Tiggemann Ta Gano Game da Mace da Jikinta

A wunin bikin wata ƙanwata na ɗauki gwaggona hoto da waya. Ta sha leshi, ta kafa ɗauri, ni dai a idona ta yi kyau ƙwarai. Da na miƙa mata wayar sai ta sa yatsu biyu ta buɗe hoton, ta tsaya a kan wuyanta, ta koma gefen idonta, ta yi shiru. Can ta ce, “Goge wannan, 'yar nan. Yaushe na koma haka?” Shekarunta hamsin da 'yan kai. Daga nan har aka tashi, duk inda aka ɗaga waya sai ta ja mayafi ta koma baya.

Kakarmu tana zaune a kan darduma kusa da mu, ta haura tamanin. Ita ma na nuna mata nata hoton. Ta ƙura masa ido ta ce, “Ashe kumatun nan duk sun zube.” Ta miƙo mini wayar, ta ci gaba da tambayar ko an kai wa baƙin Zariya abinci.

Su biyun babu wadda ta ji daɗin abin da ta gani. Amma ɗaya ta wuni da abin a ranta, ɗaya kuma ko minti guda bai yi a nata ba. Wannan tazarar da ke tsakaninsu ita ce wata farfesa a ƙasar Ostireliya ta shafe shekaru tana aunawa, kuma abin da ta gano ya sauya yadda masana suke kallon tsufan mace.

Sunanta Marika Tiggemann, wadda ta yi malanta a sashen nazarin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Flinders da ke birnin Adelaide. A nan ta yi kusan dukkan rayuwarta ta aiki har ta kai matakin farfesa. Yana da kyau a bambanta aikinta da na likitan ƙwaƙwalwa, don mutane kan haɗa su. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne da ya karanci aikin asibiti, yana rubuta magani. Masanin halayya kuwa tunani da ɗabi'a yake karanta, kuma hanyarsa biyu ce: ko ya zauna da masu damuwa yana yi musu magani ta hanyar tattaunawa, ko ya tsaya a jami'a yana bincike da koyarwa. Tiggemann ta hanya ta biyun ta bi. Kayan aikinta takardun tambayoyi ne, da lissafi, da ɗalibai masu neman babban digiri da take jagoranta, kuma da yawa daga cikin ayyukanta tare da su ta wallafa.

Ba da maganar jiki ta fara ba. Cikin ayyukanta na farko akwai bincike a kan matasa marasa aikin yi. Tana cikin masana huɗu da suka bi wasu matasan Kudancin Ostireliya shekara da shekaru tun daga barinsu makaranta, don ganin abin da zaman kashe wando yake yi wa zuciya, suka fitar da sakamakon a littafi a 1993. Ina ganin wannan tushen ya yi mata amfani, domin a can ta saba da tambayar da ta ci gaba da yi har ƙarshe: idan mutum ya rasa wani abu da jama'a suke auna darajarsa da shi, me yake faruwa da yadda yake ganin kansa?

Fagen da ta koma, wato nazarin hoton da mutum yake riƙe da shi na jikinsa a zuci, ya girme ta. Wani likita ɗan Ostiriya, Paul Schilder, ya rubuta littafi a kansa tun 1935. Hujjarsa ita ce jikin da ke cikin madubi daban, jikin da ke cikin kai daban, kuma ba kullum suke dacewa ba. Shi ya sa za ka ga yarinya ta rame har ƙasusuwa sun fito amma ta rantse ita mai ƙiba ce. A tsakiyar shekarun 1980 Judith Rodin da abokan aikinta a Jami'ar Yale ta Amurka suka lura cewa ƙorafi kan nauyin jiki ya game matan ƙasarsu har ya daina zama alamar ciwo, ya koma ruwan dare. A wajensu, macen da ta gamsu da jikinta ita ce baƙuwa.

Ta yaya ake auna abin da yake cikin zuciya? Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka fi amfani da su mai sauƙi ce. Kati ne mai zanen mace tara a jere, daga siririya kamar sillen kara har zuwa mai ƙiba sosai. A ce wa mace ta nuna wadda ta fi kama da ita yanzu, sannan ta nuna wadda take so ta zama. Tazarar da ke tsakanin yatsan farko da na biyu ita ce ma'aunin rashin gamsuwarta. Da irin wannan katin, wanda aka zana da siffar yara, Tiggemann da abokan aikinta suka gwada yara 'yan shekara biyar zuwa takwas, suka ga cewa tun wajen shekara shida yarinya take fara nuna zanen da ya fi ta siranta ta ce shi take so.

Sai dai fagen yana da wani babban giɓi. Kusan duk binciken da aka yi, a kan 'yan matan sakandare da na jami'a aka yi shi, domin su ne a hannun malamai, su ne suke cika aji. Uwa da kaka babu wanda ya tambaye su. Ga shi kuwa, in dai ma'aunin kyau shi ne ƙuruciya da siranta da fata mai santsi, to kowace shekara tana ƙara nisanta mace daga gare shi. Haihuwa takan bar alamarta. Bayan ɗaukewar al'ada kitse yakan koma ciki da ƙugu, fata ta saki, tamoji ya fito, furfura ta yi yawa. Hankali zai ce ƙorafin mace zai riƙa hauhawa ne da shekarunta, har ta kai tsufa cikin baƙin cikin jikinta.

A 2001 Tiggemann da Jessica Lynch suka wallafa binciken da ya gwada wannan zaton. Mata 322 suka tambaya, daga 'yar shekara 20 har 'yar 84. Abin da suka samu gida biyu ne, kuma a haɗuwar biyun ne darasin yake.

Na farko, rashin gamsuwa da jiki bai hau ba, bai kuma sauka ba. 'Yar ashirin da 'yar hamsin da 'yar saba'in duk kusan tazara ɗaya suke nunawa tsakanin jikin da suke da shi da wanda suke so. Dattijuwa ta fi budurwa nauyi, amma ita ma zanen da take buri ya matsa gaba tare da ita, sai tazarar ta zauna yadda take. Na biyu kuma, wasu abubuwa sun yi ƙasa sosai da shekaru: yawan sa wa kai ido, fargabar yadda za a gan ta, da matsa wa kai da yunwa don a rame. Wato dattijuwar tana ganin aibin da take gani, ba ta ce jikinta ya burge ta ba, amma abin ya daina cin ta.

Don gane wannan sai an koma ga wani ra'ayi da wasu masana biyu 'yan Amurka, Barbara Fredrickson da Tomi-Ann Roberts, suka kawo a 1997. Sun ce a al'ummar da ake yawan kallon jikin mace ana yi masa maki, yarinya takan tashi ta ari idon masu kallon ta sa wa kanta. Tana tafiya, amma rabin hankalinta yana tsaye a gefe yana kallon tafiyar. Tana magana, tana kuma lissafin yadda bakinta yake a idon mai saurare. Sun ce wannan gadin yana cin hankali kamar yadda kowane aiki yake ci. Shekara guda bayan haka suka gwada: aka sa ɗalibai mata su shiga ɗaki su kaɗai, wasu su sa kayan ninƙaya, wasu rigar sanyi, sannan su amsa tambayoyin lissafi. Babu mai kallonsu, madubi ne kawai a ɗakin. Masu kayan ninƙaya suka fi faɗuwa a lissafin. Da aka yi wa maza irin gwajin a wannan binciken, ba a ga wannan bambancin ba.

Abin da Tiggemann ta ƙara shi ne nuna cewa wannan aron idon yana raguwa da shekaru. Ya fi ƙarfi a shekarun ashirin da talatin, ya fara sassautawa a arba'in da hamsin, ya yi ƙasa sosai bayan nan. Idon jama'a yakan ɗauke daga kan mace idan ta manyanta. Wannan ɗaukewar tana da zafi, mata da yawa a ƙasashen Turawa suna kukan cewa sun koma kamar ba a ganinsu a shago ko a wurin aiki. Amma tana zuwa da wani sauƙi, domin mai gadin da ke cikin kai shi ma yakan samu ya huta.

A 2004 Thomas Cash na Jami'ar Old Dominion a Amurka ya kafa mujallar Body Image, wadda ta zama dandalin masanan fagen. A fitowarta ta farko Tiggemann ta tattara abin da aka sani game da jiki da shekaru, ta tsayar da magana ɗaya: dole a raba tambaya biyu da aka saba cakuɗawa. “Kin gamsu da jikinki?” tambaya ce guda. “Yaya girman wannan a rayuwarki?” wata ce daban. Amsar ta farko ba ta cika motsi ba, ta biyun ce take sauyawa. Shekara guda kafin nan, ita da wata abokiyar aikinta sun nuna cewa a wajen matasa ƙin jiki yana jan darajar kai ƙasa da ƙarfi, amma a wajen manya igiyar da ta ɗaure su biyun ta yi sako-sako. Manyan sun koyi dabaru: su rage buri, su gwada kansu da sa'o'insu maimakon 'yan mata, su mayar da hankali kan abin da jikin yake iya yi.

A ganina nan ne amfanin aikin nata yake. Mun saba idan mace ta yi kukan jikinta mu ce mata, “Haba, ai kin yi kyau.” Na faɗa wa gwaggona haka a ranar, kuma ko gezau. Ina jayayya da ita ne a kan tambaya ta farko, wadda shekara sittin ma ba ta cika sauya amsarta ba. Inda ake samun sauyi shi ne a nauyin da abin yake da shi a zuciya.

Amma kada a ɗauka hanyar miƙaƙƙiya ce. Tsakiyar rayuwa ita ce mashiga mai wuya, lokacin da jiki ya fara sauyawa amma zuciya ba ta saki ba tukuna. Tiggemann da Julie Slevec sun bincika mata 'yan shekara 35 zuwa 55, suka ga fargabar tsufa da yawan kallon talabijin da mujallu suna tafiya tare da sha'awar tiyatar gyaran jiki. Kasuwa kuwa ta san da wannan. Tun da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a 2002 a riƙa yin allurar Botox don goge tamojin tsakanin gira, gyaran fuska ya tashi daga abin taurarin fim ya koma abin da ma'aikaciya take yi a lokacin hutun rana. Wani bincike da aka yi a Jami'ar North Carolina a 2012 kan mata 1,849 da suka kai hamsin ko suka wuce ya samu kusan kashi 70 cikin ɗari suna ƙoƙarin rage nauyi, kusan kashi 13 kuma suna da alamun cutar da ta shafi cin abinci, cutar da aka daɗe ana zaton ta 'yan mata ce kawai.

Masu zama da irin waɗannan matan a ɗakin shawara suna ganin abin da lissafi ba ya nunawa. Vivian Diller misali ce. Ta yi rawar bale, ta yi tallan kayan ƙawa, sannan ta koma makaranta ta zama masaniyar halayya a birnin New York. Ta san yadda ake cin abinci da fuska, ta kuma san ranar da fuskar take daina sayuwa. A littafin da ta fitar a 2010 tare da wata abokiyar aikinta wadda ita ma ta taɓa yin tallan, ta bayyana yadda mata masu ilimi da muƙami suke zuwa wajenta da kunya biyu: kunyar tsufa, da kunyar cewa abin ya dame su, tunda an tashe su a kan cewa kyau ba shi ne darajar mace ba. Hanyarta ita ce a fara amincewa cewa rashi ne aka yi, a yi jimaminsa kamar kowane rashi, sannan a duba abin da ke ƙarƙashinsa. Sau da yawa ba tamojin ne ainihin ciwon ba. Aure ne da ya yi sanyi, ko yara da suka watse, ko mutuwar uwa, ko tsoron a maye gurbin mutum a wurin aiki.

Akwai wata suka da ake yi wa binciken 2001, kuma ita kanta Tiggemann ta ambace ta. Mata daban-daban aka tambaya a lokaci ɗaya, ba mace ɗaya aka bi daga ashirin zuwa tamanin ba. 'Yar shekara 84 ta wancan lokacin an haife ta ne wajen Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta yi 'yanmatancinta babu talabijin a gida. Shin shekaru ne suka kwantar mata da hankali, ko kuwa zamanin da ta tashi a ciki ne bai ɗora mata nauyin ba tun farko? Wannan tambaya ce mai girma, domin idan zamani ne, to yarinyar da ta tashi da waya a hannu tana iya kai gadinta har tsufa.

Wataƙila shi ya sa rabin aikin Tiggemann ya karkata ga kafofin yaɗa labarai. Ta fara da mujallu da tallan talabijin, tana nuna cewa 'yan mintoci na kallon hotunan siraran mata sun isa su rage wa mace jin daɗin jikinta, kuma hanyar da hakan yake bi ita ce gwada kai da wani. A 2013 ita da Amy Slater suka tambayi 'yan mata sama da dubu, 'yan shekara 13 zuwa 15, suka ga masu amfani da Facebook sun fi sa wa jikinsu ido da son rama. Ta kuma gwada maganin da gwamnatoci suka fi so, wato rubuta gargaɗi a jikin hoto cewa an gyara shi da kwamfuta, irin dokar da Faransa ta fara aiki da ita a 2017. Gwaje-gwajenta sun nuna gargaɗin ba ya hana komai. Wani lokacin ma yakan ja idon mai kallo zuwa daidai wurin da aka gyara. Na girmama ta a kan wannan, domin sakamako ne da masu fafutuka a ɓangarenta ba su so ji ba, ta kuma faɗe shi.

Daga baya fagen ya fara tambayar da ya manta da ita: ban da ƙin jiki, akwai kuma godiya gare shi, kuma ba kishiyoyin juna ba ne kai-tsaye. Mace tana iya ƙin teɓarta amma ta girmama jikin da ya ɗauki ciki shida ya kuma yi jinyar miji. A wani bincike na 2013 Tiggemann ta samu cewa wannan godiyar tana ƙaruwa da shekaru. Kuma yadda mutum ya ɗauki tsufansa ba ƙaramin abu ba ne. Becca Levy ta Jami'ar Yale ta duba bayanan mutum 660 na wani gari a jihar Ohio da aka bi fiye da shekara ashirin, ta wallafa a 2002 cewa masu kyakkyawan zato ga tsufansu sun rayu kimanin shekara bakwai da rabi fiye da masu mummunan zato, ko bayan an cire tasirin lafiya da arziki.

Yawancin matan da aka yi duk wannan binciken a kansu Turawa ne na Ostireliya da Amurka, inda siranta take sarauta. A wajenmu katin zane taran nan ta ɗaya gefen za a karanta shi a gidaje da yawa. Amarya cika ake so ta yi, matar aure idan ta rame sai a fara tambayar ko lafiya take zaune da mijinta. Wata masaniyar al'adu, Rebecca Popenoe, ta zauna da Larabawan Azawak a Nijar ta rubuta yadda ake ɗura wa yara mata madara da fura tun suna ƙanana don su yi ƙibar da ake so. Ma'aunin ya bambanta, amma aron idon iri ɗaya ne. Wadda take haɗiyar “sha ka fashe” da wadda take kwana da yunwa duk suna gyara kansu ne don mai kallo. Haka mai shafa man bilicin, wanda da yawansa yake ɗauke da sinadaran da suke sirantar da fata su bar ta da tabo da nankarwa.

Muna da abin da matan Adelaide ba su da shi sosai. Furfura a nan tana sayo girma. Mace takan tashi daga amarya ta zama uwargida, ta zama Hajiya, ta zama kakar da ba a yanke magana sai da ita, kuma kowane mataki yana ba ta wani abin tsayawa da ba fuska ba. Muna kuma da abin da ba su da shi ta ɗaya ɓangaren: matar da ta kai arba'in da biyar tana iya wayar gari an kawo mata 'yar ashirin cikin gida, gwada kai da wata ya tashi daga shafin mujalla ya dawo tsakar gida, safe da yamma. Duk ɗalibin da zai ɗauki wannan fagen a Kano ko Damagaram, takardar tambayarsa sai ta ƙunshi hasken fata da cikar jiki, da zancen kishiya, da abin da dangin miji suke faɗa bayan haihuwa ta biyar, sannan ya kai ta ga matan da ba su taɓa shiga ajin jami'a ba, ya zauna ya karanta musu da baki.